Haƙƙin Mai Zama a Baya

Totsi unguwa ce a arewa maso yammacin birnin Lome, kusa da iyakar Gana. Hausawa sun daɗe a wannan birni. Tsohon Zongo yana tsakiyar gari har shekarar 1977, lokacin da hukuma ta rushe shi ta mai da mutanensa Togblekope, can arewa a bakin babbar hanyar da ta nufi Burkina Faso. Daga baya 'ya'ya da jikoki suka bazu cikin sauran unguwanni, wasu suna kasuwanci, wasu kuwa suna neman abinci da babur.

Sana'ar da ake kira acaɓa a Kano, kabu-kabu a Maraɗi, a Lome sunanta zemijan. Daga ƙasar Benin sunan ya zo, ma'anarsa a harshen Fon ita ce "ɗauke ni da sauri". Ta kafu a Lome lokacin babban yajin aikin da aka fara a watan Nuwamba 1992, wanda ya yi watanni ana cikinsa, motocin haya suka yi wuya, mai babur ya zama abin nema. A Janairu 1994 aka rage darajar sefa da rabi, duk abin da ake kawowa daga waje ya yi tsada, har da kayan gyaran baburan Japan irin su Yamaha da Suzuki. Bayan shekarar 2000 baburan ƙasar Sin irin su Sanya da Haojue suka cika gari, na Indiya suka biyo baya. Babur ya yi sauƙi, kayan gyara suka yawaita, amma suka zama hawa-hawa: akwai na asali, akwai na kwance da aka cire daga wani babur, akwai kuma jabu mai kama da na asali har kwalinsa.

To, ga wani saurayi ɗan zemijan a Totsi. Babur ɗin ba nasa ba ne. Wani mai hali ne ya saya ya ba shi, yana biya kowace rana, in ya cika adadin da suka shirya babur ya zama nasa. Wata safiya cikin damina, ruwa ya kwaso yashi ya zuba a kwana, ƙafar gaba ta zame, ya bugi bakin kwata. Allah ya kiyaye, ba fasinja, shi ma gwiwarsa kaɗai ta kuje. Ya tura babur zuwa wurin wani dattijon bakanike da ke aiki a gindin bishiya.

Abin da ido ya gani shi ne madubi ya fashe, madigadi ya tsage, fenti ya goge. Bakanike bai tsaya nan ba. Ya matsa hannun birki, ya ga ya lanƙwashe, wayarsa ta fara tsintsinkewa. Ya tsaya a gaban babur ya hanga, ya ga shokozoba ɗaya ta karkace. Ya ce, "Ɗana, ciwon da ke ciki ya fi wanda ke waje."

Saurayi ya ce, "Baba, kuɗin da ke hannuna ba za su yi duka ba. Da yamma mai babur zai zo ya duba. In ya ga madigadi a tsage, zai karɓe kayansa. A sa mini sabon madubi da madigadi, a buga shokozoba ta miƙe, hannun birki a tanƙwaso shi, waya kuma a nemo mai araha."

A nan tambayar take. Shin saurayin ya yi laifi da ya roƙi haka? Bakanike kuma, in ya yi abin da mai kuɗi ya ce, akwai alhaki a kansa?

Da farko dai a yi wa talaka adalci. Sayen abu mai araha ba zunubi ba ne. Wanda ya sa madubin kwance, ko ya ɗinke madigadi da waya, ko ya bar fenti a goge, bai cuci kowa ba. An ce araha ba ta ado, to, adon ne kaɗai ya rasa, kuma nasa ne, yana da iko ya bar shi. Kayan kwance ma ba abin raini ba ne. Sau da yawa ƙarfen asali da ya yi aiki ya fi sabon jabu ƙarko. Wanda bai taɓa kwana da bashin kullum a kansa ba, kada ya yi saurin yanke wa wannan yaro hukunci. Kowace ranar da babur ya wuni a gareji, ranar ba abinci, bashi kuwa bai tsaya ba.

Amma kayan babur ba ɗaya suke ba. Akwai waɗanda in sun lalace sai a ji kunya, akwai waɗanda in sun lalace sai a yi jana'iza. Birkin gaba shi ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayawa. Hannun birki na goran-ruwa ne, in ya lanƙwashe aka miƙar da shi yakan tsage ta ciki, ya jira ranar da aka matsa shi da ƙarfi ya karye. Wayar da ba ta da ƙwari ba ta tsinkewa sa'ad da ake tafiya a hankali. Takan tsinke ne a daidai lokacin da yaro ya faɗo kan hanya. Shokozobar da aka buga da guduma kuwa tana iya miƙewa ga ido, babur ya ci gaba da ja gefe ɗaya.

Wa zai biya kuɗin wannan rangwame? A wurin cinikin akwai saurayi, akwai bakanike, akwai mai shagon kayan gyara, kowannensu ya ga kaya ya faɗi ra'ayinsa. Mutum ɗaya ne ba ya wurin, shi ne wanda zai hau baya gobe. Ba a tambaye shi ba, ba a rage masa kuɗin hawa ba, ba shi da hanyar sanin irin wayar da ke cikin bututu. Ya miƙa ransa amana ga baƙon da bai san sunansa ba. Mutum yana da iko ya yi caca da madubinsa. Ba shi da iko ya yi caca da ƙafar wani.

Wannan ba sabon tunani ba ne. A cikin Maimaitawar Shari'a, sura 22 aya 8, an umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Abin lura shi ne, mai gidan bai tura kowa ba, bai kuma yi nufin mugunta ba. Laifinsa kawai ya san bakin soro a buɗe yake, ya bar shi haka. Ashe ba abin da hannu ya aikata kaɗai ake tambayar mutum ba, har da abin da ya sani ya yi shiru.

Saboda haka bakanike ba zai wanke kansa da cewa, "Na gaya masa, shi ya zaɓa," ba. Faɗar gaskiya wajibi ne, bakaniken da ya karɓi kuɗin na asali ya sa jabu ɓarawo ne, ba gardama. Amma faɗa kaɗai ba ta isa ba, gama wanda aka faɗa wa ba shi kaɗai zai faɗi a kwalta ba. Saninsa ya fi na saurayin, alhakinsa ma ya fi. Akwai aikin da mai sana'a zai ce ba ya yi, ko da mai kaya zai tafi wurin wani. Haka mai shago: ya sayar da kowane hawa na kaya, amma ya kira kowanne da sunansa. Mai babur kuma, wanda ke duba fenti ba ya duba birki, wanda ba ya yafe ko kwana ɗaya, shi ne ya koya wa yaronsa ɓoye ciwo. Yana da rabonsa.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake. Amma yashin da ruwa ya zuba a kwana shi ne tsautsayi. Wayar da mutum ya gani da idonsa tana tsintsinkewa, ya rufe ta ya ɗauki fasinja, ba tsautsayi ba ce, ganganci ne, bai kuwa kamata a jingina wa Allah abin da aka yi da gangan ba.

Dattijon bai yi wa saurayin dogon wa'azi ba. Ya ce, "Hannun birki da waya sai na asali, wannan ba ciniki. Shokozoba za mu nemi ta kwance mai kyau, ni zan duba ta da kaina. Madigadi in ɗinke maka kyauta. Kuɗin aikina ka kawo ƙarshen mako. Mai babur kuwa, ka je ka same shi kafin ya zo ya same ka."

Neman shokozobar ya ci wuni guda, shago bayan shago, suna ajiye kowace a kan faifan ƙarfe suna mirginawa don a ga ko ta miƙe. Mai babur ya yi faɗa, bai yafe kuɗin ranar ba, amma bai karɓe babur ba. Saurayin ya koma aiki da bashin kwana biyu, da madigadi mai ɗinki wanda abokansa suka yi ta yi masa dariya a kai.

Washegari wata mace ta tsayar da shi a bakin hanyar Adidogome, da goyo a bayanta da kwano a cinyarta. Ta dubi ɗinkin madigadi ta yatsina fuska, ta yi ciniki, ta hau. Ba ta san abin da aka tattauna a gindin bishiya ba, ba kuwa za ta taɓa sani ba. Ta sauka a ƙofar gidanta, ta biya, ta shige.