Abin da Mai Sauti Yake Bari

Malaman tauhidi na da, musamman Ash'ariyawa, sun kasa halitta gida biyu, jauhari, wato ainihin abu, da aradi, wato sifar da ke bijiro masa, suka tafi a kan cewa aradi ba ya daɗewa, da zarar ya samu sai ya gushe, Ubangiji ya sabunta wani a gurbinsa. In kuwa ana neman misalin da zai fito da wannan mas'ala fili, to babu kamar sauti, domin magini yakan bar katanga, marubuci ya bar littafi, amma mai rerawa kafin ya rufe baki abin da ya aikata ya riga ya shuɗe. Ba nufina ba ne in kutsa cikin saɓanin malamai game da sauraron kiɗa, wanda Imam Gazali ya ware wa babi guda a Ihya'u. Abin da nake tambaya shi ne, me mutum yake bari idan duk rayuwarsa hidimar sauti ya yi?

Wanda ya jawo mini wannan tunani wani Bature ne Kirista, David Willcocks, da aka haifa a Newquay ta Ingila a 1919, ya rasu a 2015. Tun yana ƙarami ya shiga sahun yara mawaƙa na majami'ar Westminster, daga baya ya ƙware a kan ogan, wato babban abin kiɗan coci mai bututai da iska ke busawa. Yaƙin Duniya na Biyu ya raba shi da karatu a Kambirij, har a 1944, a Tudu na 112 cikin Normandi ta Faransa, da aka kashe kwamandansu ya riƙe ragowar sojojin, aka ba shi lambar jarumta. Bayan ya yi aiki a manyan majami'un Salisbury da Worcester, sai a 1957 ya gaji malaminsa Boris Ord a shugabancin mawaƙan Kwalejin King's ta Kambirij, waɗanda BBC take watsa waƙoƙinsu na jajibirin Kirsimeti tun 1928.

A nan ne mas'alar ta yi tsanani. Mawaƙan nan yara 16 ne da ɗalibai samari 14. Yaro kuwa, bayan an shekara huɗu ko biyar ana gyara masa numfashi da mafitar haruffa, daidai lokacin da ya nuna sai balaga ta zo, murya ta buɗe, abin da aka yi wa wahala ya tafi ba dawowa, samarin su ma da sun cika shekarunsu na jami'a sai su yi gaba. Saboda haka shekara 17 da ya yi a wannan kujera tamkar manomi ya yi su, wanda kowace damina sai ya koma sharar gona.

Wani zai ce ai faifai ya magance wannan, ga waƙar Miserere ta Allegri da suka ɗauka a 1963 har gobe ana saurare. Gaskiya ne, sai dai faifai sawu ne, ba shi ne mai tafiyar ba. Abin da ya rayu shi ne abin da malamanmu ke kira silsila: daga Ord zuwa gare shi, daga gare shi zuwa Philip Ledger, sannan Stephen Cleobury, ga kuma littafin Carols for Choirs da suka fitar shi da Reginald Jacques a 1961, wanda ake rerawa daga cikinsa a coci-cocin da ba su ma san sunansa ba.

Wanzuwa ta Allah ce shi kaɗai, rabon bawa bai wuce ya karɓa da amana ya miƙa da amana ba. Yaron nan da muryarsa ta ɗaga sama a faifan 1963, Roy Goodman, ba a jima ba muryar ta buɗe kamar ta kowane yaro. Amma ya girma ya zama shugaban makaɗa, ya tsaya gaban wasu yana ɗaga musu hannu.