Hoto Shaida Ne: Gyaransa da Raba Shi a Gidan Mai Bi

Hausawa sukan ce gani ya kori ji. Tun da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto ga jama'a a birnin Faris a shekara ta 1839, mutane suke amincewa da hoto kamar yadda suke amincewa da idonsu. Ana iya musun labarin da aka ji, amma in an ajiye hoto a gaban mutum sai bakinsa ya mutu. A yau kusan kowane gida yana da wayar da za ta ɗauki hoto, ta gyara shi, ta aika wa ɗaruruwan mutane kafin a gama cin tuwon dare. Matasa suna koyon gyaran hoto a waya da kwamfuta, waɗansu ma da shi suke cin abinci. Saboda haka tambaya biyu tana gaban iyalin mai bi. Ina ne gyara ya ƙare, ƙarya ta soma? Kuma cikin hotunan da suka cika wayar, wanne ne ya dace duniya ta gani?

Rigar Yusufu

Littafin Farawa sura 37 yana da labarin da zai taimaka, ko da yake ya faru tun ba a san hoto ba. Bayan da 'ya'yan Yakubu suka sayar da ƙanensu Yusufu, sai suka yanka bunsuru, suka tsoma rigarsa a cikin jinin, suka kai wa mahaifinsu. Ba su ce naman jeji ya cinye yaron ba. Sun ce sun tsinci rigar ne, ya duba ko ta ɗansa ce. Yakubu da bakinsa ya yanke cewa mugun naman jeji ya yayyage Yusufu, ya kuwa zauna da wannan baƙin ciki fiye da shekara 20.

Rigar ta Yusufu ce da gaske, jinin ma jini ne na gaske. Ƙaryar tana cikin haɗa su da aka yi domin tsoho ya gaskata abin da bai faru ba. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kowane hoto: me mai kallo zai tashi da shi a zuciyarsa? Wanda ya nuna hoto ya tsaya ne a matsayin mashaidi, yana cewa ga abin da ya kasance. Dokar da ta hana shaidar zur a Fitowa sura 20 ba ta tsaya ga harshe kaɗai ba, gama ana iya ba da shaidar zur da yatsa a kan gilashin waya ba tare da an furta kalma ko ɗaya ba.

Gyaran da yake komar da gaskiya

Kada a ɗauka cewa hoton da ba a taɓa ba shi ne gaskiya tsantsa. Kyamara ba ta gani kamar ido. In an tsayar da amarya da ango a ƙofar majami'a da tsakar rana, farin bango yana bayansu, na'urar za ta auna hasken bangon ta rage abin da take ɗauka, sai fuskokinsu su fito duhu dulum, alhali duk wanda yake wurin ya ga murmushinsu sarai. A cikin ɗakin sujada kuma fitilar lantarki takan sa farar riga ta koma rawaya ko shuɗiya. Masu baƙar fata sun daɗe suna shan wannan. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yakan aika wa masu wanke hoto katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, da fatarta ake daidaita launi, sai a tsakiyar shekarun 1990 ya fitar da kati mai mata masu launin fata dabam dabam.

Don haka yaron da ya koyi ƙara haske a inda inuwa ta rufe fuska, da daidaita launi har fari ya zama fari, da miƙe hoton da ya karkace, da yanke gefen da babu komai, yana komar da hoton ne kusa da abin da ido ya gani. Wanda kuma ya ɗauko tsohon hoton kakanni da gara ta ci gefensa, ya share tabon ruwa da alamar ninki, ya yi wa zuriya hidima. Sana'a ce mai kyau, ya dace iyaye su ƙarfafa 'ya'yansu a kanta. Ɗabi'a ɗaya ce ya wajaba a koya tun ranar farko: a ajiye ainihin hoton yadda aka ɗauke shi, a yi gyara a kan kwafi. Mai riƙe da asali yana iya nuna shi duk ranar da aka tambaya.

Inda rigar take shiga jini

Tarihi ya nuna ɗaya gefen. Akwai hoton da aka ɗauka a 1937 na Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, yana tafiya a bakin wata mashigar ruwa, shugaban 'yan sandansa na asiri Nikolai Yezhov yana gefensa. Bayan an kashe Yezhov a 1940, sai aka sake fitar da hoton, ruwa ya maye gurbin mutumin kamar bai taɓa tsayawa a wurin ba. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza ta ƙasar Masar kusa da juna domin su shiga bangonta, aka kuwa yi ta sukarta. Da manhajar Photoshop ta fito a 1990, aikin da a dā sai gwani ya zama na duk mai kwamfuta. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori mai ɗaukar mata hoto a yaƙin Iraƙi, don ya haɗa hotuna biyu da ya ɗauka a jere suka zama ɗaya. An gane ne da aka ga waɗansu mutane sun fito sau biyu.

Har hoton iyali bai tsira ba. A watan Maris na 2024 fadar Ingila ta fitar da hoton Gimbiyar Wales, Catherine, tare da 'ya'yanta uku. Cikin sa'o'i kaɗan manyan kamfanonin dillancin labarai suka janye shi, domin sun ga alamun an sauya shi, musamman a hannun rigar 'yarta. Kashegari ta nemi gafara a kan ruɗanin da ya jawo. Ƙa'idar irin waɗannan kamfanoni a fili take: an yarda a yanke gefe, a daidaita haske da launi, amma ba a ƙara abin da babu, ba a cire abin da akwai. Abin lura ne cewa 'yan jarida sun kafa wa kansu wannan iyaka don kare sana'arsu. Mai bi yana da dalilin da ya fi nasu nauyi.

A gida da ikilisiya gwajin yakan zo da ƙananan kaya. Saurayi ya aika wa budurwa hotonsa a jingine da motar da ba tasa ba, ko budurwa ta aika hoton da aka rage mata shekara goma, alhali maganar aure ake yi. Sakataren wata ƙungiya ya ga taron bai cika ba, sai ya sa a ninka kawunan mutane kafin a aika wa masu ba da taimako. Wannan zunubin Hananiya da Safiratu ne a Ayyukan Manzanni sura 5: gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne, laifinsu shi ne nuna wani sashi a matsayin duka. Akwai kuma iyalin da suka ɓata da surukarsu, suka share ta daga hoton biki. Wayoyin yanzu suna yin haka da taɓawa ɗaya. Amma matar ta halarci bikin, jikoki kuma suna da hakkin sanin tarihin gidansu yadda yake, da daɗinsa da ɗacinsa.

Wani zai ce, ai kowane hoto zaɓi ne. Ba wanda yake ɗaukar hoton faɗan miji da mata, kwalliyar amarya ma gyara ce, a dā kuma masu hoto sukan rataya zanen bene ko lambu a bayan mutum. Maganar tana da ƙarfi, amma akwai bambanci. Duk wanda ya ga labulen mai hoto ya san labule ne, ba wanda aka ruɗa. Haka nan in iyali suka sa hoton mahaifi marigayi a kusurwar hoton auren 'yarsa domin tunawa, kowa ya san ya riga ya huta, babu yaudara. Ƙarya tana shigowa ne sa'ad da mai kallo bai san an sauya ba, kuma da ya sani da ya canja shawararsa, ko ta aure, ko ta kuɗi, ko ta yadda zai ɗauki wani mutum. Saboda haka ne Faransa a 2017 da Norway a 2022 suka wajabta a sa alama a kan hoton talla in an sauya siffar jikin wanda yake ciki. In mai gyara zai ji kunya a ajiye asalin hoton kusa da gyararren, to rigar ta riga ta shiga jini.

Akwai kuma ƙaryar da mutum yake yi wa kansa. Manhajoji da yawa sukan haskaka fata, su rage hanci, su goge kowane tabo. Yarinyar da ta saba ganin kanta haka takan soma ƙin fuskar da take gani a madubi, daga nan kuwa zuwa man sauya launin fata ba nisa. Sa'ad da annabi Sama'ila ya je gidan Yesse, tsayi da kyan Eliyab sun ɗauki hankalinsa, sai Ubangiji ya tuna masa cewa zuciya yake dubawa. Iyayen da kullum suke yabon gyararren hoton 'yarsu fiye da fuskar da Allah ya ba ta suna koya mata akasin wannan darasi.

Mayafin Shem da Yafet

Ko da hoto gaskiya ne, sauran tambaya. A Farawa sura 9 Nuhu ya bugu ya kwanta tsirara a alfarwarsa. Ham ya gani, ya fita ya faɗa wa 'yan'uwansa, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Shem da Yafet suka ɗauki mayafi, suka shiga da baya da baya, suka rufe mahaifinsu, su ne kuwa suka sami albarka. Ba kowane abin da ido ya gani ne yake da izinin yawo ba.

Mara lafiya a gadon asibiti, da wanda mota ta buge a hanya, da gawar da ba a riga an sanar da danginta ba, duk suna bukatar mayafi. Sau da yawa uwa takan fara ganin rasuwar ɗanta a WhatsApp kafin dattawa su iso gidan. Gwauruwar da aka ba mudun masara aka tsayar da ita a gaban kyamara ta biya kuɗin masarar da mutuncinta, alhali Yesu ya koyar a Matiyu sura 6 cewa a ɓoye ake ba da sadaka. Yara ma suna da nasu hakki. Hoton yaro yana wanka ko yana kuka abin dariya ne yau, amma yana iya jiransa ranar da ya girma. Hoton da ya nuna rigar makarantar yaro da ƙofar gidansu kuma ya gaya wa baƙo inda zai same shi, waya ma takan rubuta wurin da aka ɗauki hoto a cikinsa in ba a kashe wannan ba.

Mafi haɗari shi ne hoton da aka tura ba a san asalinsa ba. A watan Nuwamba na 2018 BBC ta ba da rahoto a kan hotunan da suka bazu a Facebook lokacin rikicin watan Yuni na shekarar a Jihar Filato. Ta gano cewa wani bidiyo mai tayar da hankali da aka ce daga can yake, a ƙasar Kongo-Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. Ba a gyara komai a cikinsa ba, suna da wuri kawai aka sauya masa, ya kuwa ƙara wa wuta mai a lokacin da rayuka suke salwanta. Kowane mutum da ya tura shi ya zama ɗaya daga cikin masu kai wa Yakubu riga. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira take iya haɗa hoton abin da bai taɓa faruwa ba, nauyin mai turawa ya ƙaru. Magana zarar bunu ce, hoto ma haka, in ya fita ba ya komowa.

Abin da iyali za su yi

Ya dace iyaye su zauna da 'ya'yansu a kan wannan magana kamar yadda ake zama a kan kuɗi ko abokai. Kafin a saki hoto, a tambaya ko mai kallo zai gaskata abin da yake daidai. A tambaya kuma ko wanda yake cikin hoton ya yarda, ko zai ji daɗi in ya gani bayan shekara goma. Hoton da aka turo daga waje, in ba a san wanda ya ɗauka da wurin da ranar ba, ya tsaya a nan. Wanda ya yi babban gyara don ado ya faɗa a fili cewa ya yi. Waɗansu hotuna kuma na gida ne kawai, a wanke su a sa a kundi, jikoki su same su.

Maƙwabta suna auna shaidar mai bi game da Almasihu da sauran shaidun da yake bayarwa kowace rana. Wanda aka san hotunansa ba abin dogara ba ne, da wuya a saurare shi ranar da ya zo da maganar da ta fi hoto girma. Ubangiji ya ba iyalai hikimar riƙe gaskiya da ƙauna tare. Amin.