Makamin Mai Magani

Ƙanina yana buga wani wasan intanet a waya, irin wanda mutum biyar ke haɗa runduna su shiga daji yaƙar dodanni. Kowa da aikinsa: akwai mai takobi, akwai maharbi, akwai mai magani da ke bin bayansu yana warkar da wanda aka raunata. Shi mai magani ya zaɓa. Wani dare muna zaune a ƙofar gida a Mairuwa, ya miƙo min wayar ya ce, "Yaya, duba min. Sanda zan saya masa ko wuƙa?" Sandar na ƙara ƙarfin warkarwa, wuƙar na ƙara ƙarfin kisa, kuɗin wasan kuma ba su isa duka biyun ba.

Na yi dariya, amma tambayar ta kwana a raina, domin a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ta wuce wasa. Nan ne aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020. A 2021 gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. To ma'aikacin asibitin ƙauye fa, da maɗorin da ake tasa da tsakar dare? Shin wanda aikinsa tsayar da jini, ya dace ya riƙe abin zubar da shi?

Wasu na cewa sam. Suna kafa hujja da Desmond Doss, sojan Amurka mai jinya da ya ƙi taɓa bindiga, ya kuma ceci kimanin mutum 75 a yaƙin Okinawa a 1945. Jarumi ne, babu shakka. Sai dai Doss na da abokai masu bindiga a gefensa. Mai jinyar da ke kwana shi kaɗai da majinyata a bakin daji ba shi da wannan gatan.

Tarihinmu ya nuna hanya biyu. Rufaida al-Aslamiyya ta tsaya a tantinta a Madina tana jinyar masu rauni. Nusaiba bint Ka'ab kuwa ta je Uhudu da ruwan sha, amma da abokan gaba suka matso kusa da Annabi (SAW), sai ta zare takobi. Ba wanda ya zarge ta, domin karewa ta yi. Yarjejeniyar Geneva ta 1949 ma a nan ta tsaya: ma'aikacin lafiya na iya riƙe makami don kare kansa da majinyatansa. Ita ce kuma ta wajabta masa jinyar duk mai rauni, ko daga wane ɓangare yake.

Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne mai nauyi a wajenmu. Wanda za a kawo cikin jini yau manomi ne, gobe makiyayi, jibi ɗan sa-kai. Ranar da aka ga mai magani ya bi sahun masu kai farmaki, rabin mutane za su daina kawo masa nasu, su mutu a gida. Wanzami ma na yawo da aska a zabira, amma ba a gudunsa, saboda an san abin da yake yi da ita.

Makami kuma yana jan mai shi. Ƙanina da kansa ya shaida: a wasan, duk mai maganin da ya ɗanɗana daɗin kisa sai ya bi dodo da gudu, kafin ya waiwayo abokansa sun faɗi.

Na mayar masa da wayar na ce, "Sayi abin da zai bar ka kusa da wanda ya faɗi." Ya ɗan yi shiru, sannan ya danna sanda.