Ana Ɗage Wasa, Ba A Ɗage Ajali

A Amurka, ƙwallon jami'o'i babban al'amari ne. Samari ne ƙarfafa, sanye da hular kwano, suke rungumar ƙwallo suna gudu suna ture juna, jama'a kuwa sun cika fili maƙil. Filin Jami'ar Mishigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 107,000. Jami'o'i sukan ƙulla yarjejeniyar karawa shekara goma kafin lokaci, a sa rana da wata, tun yaran da za su buga wasan suna firamare. Haka ɗan'adam yake tsara gobe, kamar an damƙa masa makullinta.

Sai ga shekarar 2020 ta zo da cutar korona. A watan Yuli, rukunin tsofaffin jami'o'in da ya haɗa da Harvard da Yale ya soke wasanninsa na kakar baki ɗaya. Ranar 11 ga Agusta, manyan rukunoni biyu, Big Ten da Pac-12, suka ce sun ɗage nasu, daga baya suka dawo da gajeren jadawali. Waɗanda suka dage sai an buga, su ma ba su sha da daɗi ba, domin wasanni fiye da 100 aka soke ko aka ɗage kafin kakar ta ƙare. A wasu filayen, hotunan magoya baya aka manna a kwali aka jera a kujeru, saboda an hana masu hotunan shiga.

Dubi abin da ya sami 'yan wasan Jami'ar Clemson ranar 21 ga Nuwamba. Sun hau jirgi sun sauka a Tallahassee ta jihar Fulorida, sun kwana, sun tashi da shirin shiga fili. Saura 'yan sa'o'i a take leda aka ce babu wasa, domin gwaji ya nuna ɗaya daga cikin waɗanda suka yi tafiyar tare yana ɗauke da cutar. Suka tattara kayansu suka koma gida. Mako guda bayan haka, Nick Saban, kocin Jami'ar Alabama a lokacin, mutumin da ake jin tsoron ƙungiyarsa a faɗin ƙasar, yana killace a gidansa yana kallon yaransa a talabijin suna karawa da Jami'ar Auburn. Karawar Mishigan da Jami'ar Jihar Ohayo kuwa, wadda ba a taɓa fashinta ba tun 1918, an soke ta ranar 8 ga Disamba, kwana huɗu kafin ranar da aka sa. Kuɗi suna nan, likitoci suna nan, ana gwaji kusan kullum, amma ƙwayar da ido ba ya gani ta rufe ƙofar fili.

Duk wannan asara ce mai mayuwa. Hukumar wasannin jami'o'i, wato NCAA, ta ce kakar 2020 ba za ta shiga lissafin shekarun da aka ƙayyade wa ɗan wasa ba, ta ƙara wa kowa shekara guda. A Nuwamban 2021 Mishigan da Ohayo suka sake haɗuwa, fili ya cika, aka yi ihu kamar ba a taɓa rufe shi ba.

Amma akwai waɗanda ƙarin shekarar bai riske su ba. A Satumban 2020, wani ɗan wasa mai shekara 20 a wata jami'a ta jihar Fensilbaniya ya rasu bayan ya kamu da cutar. Saurayi ne mai ƙarfi, da buri cike da ƙirji, da iyaye masu jiran ranar da zai kammala karatu. Kafin tsakiyar Disamba, waɗanda cutar ta kashe a Amurka sun haura 300,000. A cikinsu akwai masu tikitin kakar wasa a aljihu, akwai masu cewa badi ma dawo. Kujerun suna nan har yau, wasu mutanen ne dabam a kai.

'Yan'uwa, abin lura ke nan. Hukuma tana iya mayar wa ɗalibi shekarar da ta kuɓuce masa, amma babu ofishin da ake kai ƙorafi a ƙara wa mutum kwana ɗaya a kan abin da aka rubuta masa. Mutuwa ba ta duba ƙarfin damtse, ba ta tambayar shekaru, ba ta jira a kammala abin da aka fara. Mu ma mun ɗanɗana a shekarar 2020: maniyyata da yawa sun biya kuɗin kujera, aka taƙaita aikin Hajji ga mazauna Saudiyya, kuma ba duka ne suka kai shekarar da aka sake buɗe hanya ba.

Shiri ba laifi ba ne. A yi noma, a yi karatu, a yi gini, a sa ranar biki. Laifin shi ne ajiye abin da ya wajaba yau zuwa wani lokacin da ba mu da tabbacin gani. Wanda yake riƙe da haƙƙin wani ya mayar tun ana iya karɓa daga hannunsa. Wanda ya yi shekaru yana gaba da ɗan'uwansa ya taka ya je ya yi sallama. Wanda iyayensa suke raye ya neme su yau, ya nemi albarkarsu. Wanda ake binsa bashi ya rubuta, ya sanar da iyalinsa. Wanda yake cewa sai ya tsufa zai gyara tsakaninsa da Ubangijinsa, ya tuna saurayin nan mai shekara 20.

Lafiyar da muka wayi gari da ita aro ce, mu yi aikin ƙwarai da ita tun tana hannu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa mu cika da imani.