Baƙo Da Kulki A Hannu

Mai karatu, ɗauka kai mutumin Kura ne a shekarar 1943. Fatauci ya kai ka Jos, jari ya karye, ka shiga aikin ɗan doka, aka tura ka barikin leburorin kuza a wajen Bukuru. Lokacin kuwa ana yaƙin duniya na biyu. Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai ta juyo kan ta Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar talakawan Arewa ala tilas, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da dama. To, ran nan da asuba sai ka hangi wani yaro ya sulale zai gudu gida. Za ka busa usur ne, ko za ka kau da kai?

Kada ka yi saurin amsawa. Kai ma neman abinci ya kawo ka, iyali na jiran albashinka.

Turawa sun san amfanin baƙo. Tun 1863 Glover ya tara Hausawa su yi masa tsaro a Legas. Baƙo ba shi da suruki a gari, ba shi da kawun da zai zo biko. Wani zai ce ai adalcin ke nan, ba sani ba sabo. Da gaskiyarsa, don ɗan gari kan rufa wa nasa asiri ko da shi ne mai laifi.

Amma fa duba ɗaya gefen. Yawancinmu kunyar idon sani ce ke hana mu zalunci. A Kura, in ka mari talaka da safe, kafin azahar magana ta kai gidanku. A Bukuru wa zai kai ta? Ashe baƙunci awo ne: ranar da babu mai faɗa wa tsohuwarka, ranar ake sanin ko tsoron Allah gare ka ko tsoron mutane.

Ni dai ina ganin kau da kai ya fi, ko da zai ci kakinka. Dokar da ta ɗebo yaron ba ta tsare shi ba, kuza ta tsare.

Maganar ba ta wuce ba. Yau ma ana turo ɗan nesa ya yi aiki cikin manoman shinkafar Kura, ana tura ɗan Kura ramukan zinare na Zamfara. An ce baƙo raɓa ne. Haka ne, amma tabon kulkinsa ba ya bin sa in ya tashi.