Daƙiƙi Ne, Ko Mu Ne Muka Gaza?

Shin ya halatta mu kira yaro daƙiƙi don ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba? Ni dai ina ganin zalunci ne.

Yaron nan da ya kasa karanta sunansa da boko, shi ne fa yake wanke allonsa a kai a kai. Can malam yana zama da shi, ya biya masa, ya saurare shi, ya gyara. A firamare kuwa aji maƙil, littafi ɗaya a hannun malam, sai amshi da Turancin da ba a ji a gida. To, ƙwaƙwalwar ce take canzawa tsakanin safe da yamma? Shi ya sa shirin Mu Karanta, da ya shigo Sakkwato da Bauchi a 2016, ya fara da Hausa tun aji ɗaya.

Sannan ki dubi Sabon Birni da Isa. A 2019 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka, har wasu iyalai suka tsallaka jihar Maraɗi. Yarinyar da ta kwana ɓoye cikin gero, ta tashi ba ko koko, wane baƙi zai zauna mata?

Amma tallan safe fa? Wannan kam namu ne, mu iyaye mata, ko da yake na san ba daɗi ne ke sa a ɗora wa yarinya faranti ba. Ko ba ki iya boko ba, ki zaunar da ita bayan magariba ta karanta miki layi uku, kina tankaɗe kina saurare.