Wace irin "to" ce?

A 1996, lokacin da sanƙarau ya ɓarke a Arewa, kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana da ke Kano da sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka ɗauka: rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren sabon maganin, 6 a ɗayan. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, kuma sun amince da baki. Iyaye da dama suka ce ba wanda ya gaya musu magani ake gwadawa a kan 'ya'yansu.

Mu ɗauka ma an yi bayanin. Ga uwa rungume da ɗanta, wuya ya sanƙare, jiki kamar garwashi. Mai farar riga ya ce, "Baiwar Allah, za mu yi masa gwaji." A asibiti, gwaji a bakinmu ɗibar jini ne a gano ciwo. Da kalmar nan kuma muke kiran abin da ake yi da yaro don a gano ingancin magani. Wanne ta ji? Ta dai ce "to", kuma mun sani "to" ɗinmu a gaban babba sau tari ladabi ne. Mu masu rubuta manhajar waya ma ba mu da bakin magana: mun san ba a karanta sharuɗɗa kafin a danna "Na amince", amma muna lissafa shi a matsayin yarda.

Ƙa'idar Nuremberg ta 1947 ta sa amincewar mutum bisa son ransa a sahun farko. Amma son rai sai da zaɓi. A asibitin nan dai, likitocin agaji na MSF suna ba da maganin da aka saba da shi kyauta. Uwar da ba a nuna mata wannan ƙofa ba, ba a kuma ce mata "ko kin ƙi, za a duba ɗanki" ba, a ganinmu ba ta zaɓi komai ba.

Za a ce annoba ba ta jira, kuma babu maganin da ake samu ba tare da gwaji ba. Haka ne. Sai dai a 2003, da Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna, labarin Trovan na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi, cutar kuma ta sake bazuwa har ƙetare. Sulhun dala miliyan 75 tsakanin kamfanin da gwamnatin jihar sai a 2009 aka yi shi.